Abin da Aka Zare daga Ƙafar Baba

Ina da ƙane ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ba na gaishe shi. In mun haɗu wajen suna ko jana'iza yakan nufo ni, ni kuma in canza wurin zama. Mutane sun ba ni baki har sun gaji. Liman ya yi, surukaina sun yi, matata ta yi ta yi ta bari. Duk wanda ya ce mini ɗan'uwa rabin jiki ne, sai in ce masa na ji, Allah ya saka. Tunda Allah ya sa na koyi rubutu da girmana, bari in rubuta yadda abin ya faru, don ƴaƴana su daina jin labarin daga bakin nasa ƴaƴan.

Mu mahauta ne a Tawa, kaka da kakanni. Ni ne babba, don haka ni na gaji wuƙa. Ƙanena kuwa lakwal, makarantar boko, aka kai shi, ya yi ta haurawa har ya kai Yamai yana karatun likita. Tun bai iya ɗaura bandeji ba Baba ke kiransa lokotoro, wato likita. In ya zo hutu, shi ake yanka wa zabuwa a gidan mahauta, ni kuma da na kwana ina tunanin bijimin da za a kayar da safe, sai a ce in miƙo masa ruwan wanke hannu. Ban ce ban ji haushi ba. Na ji, kuma ina ji.

A shekarar da fari ya sake dawowa, zamanin soja, aiki ya yi mana yawa har muka tsane shi. Fulani da Buzaye suka yi ta gangarowa daga arewa, ta wajen Takanamat da Affala, da shanun da ba su iya ɗaukar kawunansu. Mai saniya ya gwammace a yanka ta tun tana numfashi. Muna yanka tun fitowar rana har azahar, naman ba kitse ko na shafawa, mafi yawansa sai dai a shanya. A cikin wannan aikin ne na lura Baba ya fara tsaye-tsaye a hanya. Daga gida zuwa mayanka sai ya tsaya sau uku, wai yana gaisawa da mutane, har da waɗanda ba ya shiri da su. Ashe ƙwaurinsa na hagu ne ke ɗaurewa. In ya tsaya ya sake shi, in ya yi taku kaɗan ya sake kama shi. Daga baya ƙafar ta yi sanyi, gashinta ya zube, babban yatsa ya yi baƙi.

Baba bai ɗauki abin da zafi ba. Mutum ne mai alfahari da jijiyoyinsa. Akwai wata a gefen goshinsa da ta fito ta murɗe, in ka taɓa ta sai ka ji ta da tauri kamar igiya. Yakan cusa garin taba da kanwa a baki, ya nuna ta ya ce wannan ita ce jijiyar maza. Mu mahauta mun san babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciyar dabba. Ta maraƙi in ka ja ta miƙe, in ka sake ta koma. Ta tsohon sa kuwa kauri gare ta, wani lokaci har wuƙa ta yi ƙaras-ƙaras a cikinta. A wurinmu kauri ƙarfi ne, ba wanda ya taɓa ce mana cuta ce.

Daidai lokacin aka turo ƙanena gida, ya yi ƴan watanni yana koyon aiki a gidan likita. Ranar da ya iso ya ga ƙafar, ya lalubi bayan gwiwa, ya lalubi idon sawu. Kashegari ya kai Baba wurin babban likita mai fiɗa, wani Kirista mutumin kudu, dogo, mai magana a hankali. Shi ma ya laluba, sannan ya faɗi abin da zai faɗa ba kwana-kwana. Jini ba ya kaiwa ƙasa. In ba a yanke ƙafar ƙasa da gwiwa ba, ruɓar za ta hau, kuma in ta hau ta tafi da mai ita.

Kwana uku Baba yana cewa a'a. Ba wuƙa yake tsoro ba, ina mahauci ina tsoron wuƙa? Abin da ke damunsa shi ne inda ƙafar za ta tafi. Ya ji ana cewa abin da aka yanke a gidan likita ƙonawa ake yi, ko a jefa a rami. Shi kuwa ya ƙudurta a ransa cewa yadda Allah ya ba shi jikinsa cikakke, haka zai mayar da shi ƙasa cikakke. A rana ta huɗu ya kira mu biyu, ya sa muka zauna a bakin tabarmarsa. Ya dube ni, ba ƙanena ba.

"Kai za ka amshe ta da hannunka," in ji shi. "Ka buɗe ka duba da idonka. Ka wanke ta, ka sa mata likkafani, ka kai ta maƙabarta kusa da inda tsohona yake. Ko akaifa kada a bari. In ka yi mini wanga alkawali, su yanka."

Na rantse masa. Ƙanena yana zaune yana gyaɗa kai, har da cewa, "Baba, wannan ai ba komai ba ne." Ku riƙe wannan, yana wurin, ya ji da kunnensa.

Da hantsi aka yi aikin. Wajen azahar ƙanena da kansa ya fito mini da ita, an naɗe ta da farin ƙyalle an ɗaure tam, ya ce kada in wahalar da kaina da buɗewa, an riga an tsabtace ta, ga zafi. Da wani ne da ya wuce da ita maƙabarta kai tsaye. Ni na kai ta gida, na shiga bayan ɗaki da buta, na kwance. Yatsu biyar suna nan, har da baƙin. Da na juya ta sai na ga ɗinki a bayan ƙwauri, tun daga bakin yankan har kusa da idon sawu, ɗinki mai kyau, ƙanana-ƙanana. Wa ke ɗinke ƙafar da za a binne? Na danna da babban yatsa, na bi layin. Shekara nawa ina fiɗa, na san yadda nama ke faɗawa in an zare wani abu daga cikinsa. An zare.

Rana ba ta jira, ƙafar ma ba ta jira. Na wanke ta, na sa mata likkafani, na kai ta na rufe inda Baba ya ce. Daga maƙabarta ban ko wanke ƙafafuna ba na nufi gidan likita. Na sami ƙanena a wani ɗan ɗaki na baya yana rubutu.

"Mi ka cire?" na ce.

Bai ma yi musu ba, wallahi da ya yi musu da na fi ganin girmansa. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya ce, "Yaya, zauna in yi maka bayani." Ya ɗauko wata ƴar kwalba da ruwan magani mai yaji a ido, ya zaro wani guntu da bai kai tsawon yatsa ba, fari-fari, ya ɗora a faranti. Jijiyar jinin Baba ce. Ya ce sauran, mai tsawon, ya riga ya ba wani abokin karatunsa da ya kama motar Yamai da azahar. A kanta zai rubuta littafin da zai sa a ba shi shaidar zama lokotoro.

Sai ya shiga karatu, idonsa har ƙyalli yake. Ya nuna mini bakin guntun. Ramin da jini ke bi ya tsuke, da ƙyar tsinken tsintsiya zai shiga, sauran duk bango ne. Ya ce bangon jijiya ba mataccen abu ba ne, rai gare shi, kullum cikin gyaran kansa yake. A cikinsa akwai ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyin tsoka da ido ba ya gani, su ke saƙa zaren da ke riƙe bangon. Zaren iri biyu ne. Akwai mai miƙewa ya koma, shi ne ya yi yawa a jijiyar maraƙi. Akwai mai tauri, irin wanda ke cikin fata da agara, wanda ke narkewa ya yi danƙo in an dafa ƙafar sa. In ƙarfin jini ko taba ya ƙuje fuskar bangon ta ciki, wasu ƴan abubuwa a cikin jini, masu toshe rauni, sukan manne a wurin su saki wani sinadari. Ya faɗi sunansa da Faransanci, ya ce ma'anarsa mai sa girma. Wannan sinadarin shi ke ba ƙwayoyin nan umarni su hayayyafa, su matso wurin ƙujewar, su ƙara saƙa. In an ƙuje sau ɗaya, a yi faci, umarni ya tsaya, shi ke nan. In kuwa ana ta ƙujewa shekara da shekaru, umarnin ba ya tsayawa. Faci kan faci, zare mai tauri ya rinjayi mai miƙewa, kitse ya maƙale a tsakani, daga baya wurin ya ƙandare. Bangon kuma ta ciki yake ƙaruwa, har ya cinye hanyar.

"Ka gane, yaya? Jikin Baba ne ya yi ta gyara har ya toshe kansa. Malaminmu ya ce ba wanda ya taɓa duba wannan a jikin mutanenmu. In aka gane yadda za a tsayar da umarnin, mutum nawa za su tsira da ƙafafunsu?"

Na gane sarai, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Duk abin da ya faɗa, hannuna ya riga ya sani tun yana rarrafe, suna ne kawai ban da shi. Amma ban zo karatu ba. Na ce masa, "Mutum nawa ba su ne sunka haife ka ba. Kana zaune tsoho ya sa ni rantsuwa." Ya ce ai Baba ba zai sani ba, kuma Allah da ya halicci mutum daga babu ba zai rasa jijiya ɗaya ranar tashi ba. Ji ɗan banza, har da wa'azi! Na ce ba Allah na yi wa alkawari ba, Baba na yi wa. Na fizge guntun daga farantin, na ƙulle a bakin rigata, na ce ya aika a dawo da sauran. Ya ce zai gani. Da la'asar na koma maƙabarta na tona gefen ramin na tura guntun, mai gadin wurin yana kallona kamar na taɓu.

Da Baba ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya ke nan. "Ka rufe ta?" Na ce na rufe. "Ka duba?" Na ce na duba, na rufe abin da anka ba ni. Ya lumshe ido ya ce Allah ya yi mini albarka. Kullum in na taso daga mayanka sai in biya in tambayi ƙanena labarin saƙo, kullum sai ya ce bai sami mai tafiya ba. Mota kuwa ba ranar da ba ta tashi zuwa Yamai.

Kwana goma na yi ina haɗiye maganar. Sai dungun ya ƙi warkewa. Bakinsa ya yi baƙi, ya fara wari. Likita mai fiɗa ya kwance ya duba, ya ce toshewar ta fi yadda ya zata nisa, sai an sake yankewa sama da gwiwa, kuma kada a wuce kwana biyu. Ya ce in an yi haka yana da kyakkyawan zato, don naman cinya da sauran jini.

A barandar ɗakin marasa lafiya ƙanena ya ja ni gefe. Na zaci zai ce saƙo ya iso. Sai ya sassauta murya ya ce, "Yaya, ta sama da gwiwa ita ce mai muhimmanci, can toshewar ta faro. Ɗan kaɗan zan ɗauka. Ka rufe ido wannan karon kawai." Na dube shi sama da ƙasa. Ubanmu yana kwance yana ruɓewa, shi kuma yana zaɓen tsoka kamar mai saye a bakin tebur. Na juya masa baya, don in na buɗe baki a lokacin hannuna zai riga shi.

Muka shiga. Abokan sana'ar Baba uku suna zaune sun zo dubiya, yana ba su labari da ƴar muryar da ta rage masa. Yana cewa shi kam ya gode Allah, yana da ɗa a cikin ɗakin fiɗa, ba abin da za a yi masa a ɓoye. Ya ce su yanka, ko nawa ne su yanka, tunda lokotoro na tsaye. Sannan ya juyo gare ni. "Kai kuma kamar wancan karon. Ka amsa, ka duba, ka kai ta wurin ƴar'uwarta. Rantse mini."

Na kawar da kai. Ya ce, "Ba ka ji ba?" Ƙanena yana bayan gadon yana girgiza mini kai a hankali. Ni dai na san rantsuwa ɗaya ta riga ta karye a hannuna, ga ta biyu ana miƙo mini, ga kuma wanda zai karya ta tsaye yana yi mini ishara. Ba zan ɓoye ba, ban da wannan akwai wani abu. Na gaji da jin lokotoro, lokotoro. Na so tsohon nan ya san wanda yake yabo.

Na ce, "Baba, ba ni iya rantsewa. Ta farko ma ba duka na rufe ba. An zare jijiyarta an kai Yamai. Tambayi ɗanka."

Baƙin nan uku suka sunkuyar da kai. Baba ya juya ido ya nemi ƙanena. "Gaskiya ne?" Shi kuma maimakon ya durƙusa ya ce ya tuba, sai ya fara, wai bango, wai zare, wai mutane da yawa za su amfana. Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da shi.

"Tun ban yi gemu ba nike yanka dabbar mutane," in ji shi. "Ban taɓa ɗauke ko matsarmama ba sai na nuna ma mai ita. In rabona ne, shi ka ba ni da hannunai. Da ka roƙe ni." Ya yi numfashi. "Ku kai ni gida."

Likita mai fiɗa ya zo da kansa. Sai a lokacin ya ji abin da aka yi a bayansa, na ga yadda fuskarsa ta canza, kuma na ji abin da ya gaya wa ƙanena da Faransanci ba yabo ba ne. Ya zauna a bakin gadon Baba, ya roƙe shi. Ya ce zai bar ni in shiga ɗakin fiɗa in tsaya a kansa, in karɓa daga hannunsa zuwa nawa. Mutumin nan ya yi iyakar yinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Baba ya ce ya gode, amma an sa shi barci sau ɗaya an yi masa sata, ba ya sake barci a gidan nan. A amalanken jaki muka mayar da shi.

Kwana tara ya yi. Ba zan rubuta yadda ɗakin ya koma ba. Ni ke juya shi, ni ke wanke shi, bai sake ce mini Allah ya yi albarka ba, bai kuma zage ni ba. Inna ce ta tare ni a bakin rijiya ta ce, "Ciki ba don tuwo ɗai anka yi shi ba. Da ka yi kurum da yanzu tsohonku na zaune shina cin tabarsa." Baffanmu ya ce baki shi ke yanka wuya. Duk gidan suka taru a kaina, ni da na faɗi gaskiya, shi kuwa wanda ya yi satar ana cewa yaro ne, karatu ne ya ɗebe shi. Na sani, ba sai an gaya mini ba, da na rantse da ƙarya wataƙila da Baba ya ƙara shekaru. Wannan yana cina har gobe. Amma wa ya sa ni a tsakanin ƙarya da ran ubana? Ni na kai kaina?

Ƙanena ya tafi Yamai tun kwana na biyu, wai zai dawo da abin, ko Baba zai sauko. Ya daɗe. Baba ya cika da safe, muka yi masa wanka, muka yi salla, muka kai shi. Na sa aka haƙa daidai gefen inda ƙafar take. Ina cikin ramin, mun riga mun kwantar da shi, sai na ji mutane suna buɗa hanya. Ga shi nan, daga tasha yake, idanu jawur. Ya durƙusa a bakin kabarin ya miƙo wani ɗan akwatin katako.

Na buɗe. Ba jijiya a ciki. Ƴan gilasai ne sirara a jere, kowanne da ɗan zobe ja-ja a manne a tsakiyarsa, an yanka shi siriri har ana ganin haske ta ciki. Ya ce kafin ya isa an riga an yayyanka ta don dubawa a madubin likita, ya bi ɗaki-ɗaki ya tattaro. Na ɗaga kai na dubi liman. Liman ya ce jikinsa ne, a sa.

Na ce wa ƙanena, "Duka ke nan?"

Ya ce saura biyu. Malaminsu, mutumin ƙasar waje, ya ce sun fi sauran fitowa da kyau, ya tafi da su ƙasarsu zai nuna a wani taro.

Na ajiye akwatin a inda ƙafar Baba ta ƙare. Aka miƙo itace muka jera, aka kawo laka muka toshe, aka tura ƙasa. Biyun nan har yau ba su dawo ba.